Ɗan Da Ba Ya Zuwa

Yayana mai gabatar da ƙara ne a babbar kotu. Shi ne yake tsayawa gaban alƙali da sunan gwamnati ya ce wane ya yi laifi, ya jero shaidunsa, ya tsare na ɗaya ɓangaren da tambayoyi har su rasa bakin magana. A waje shakkarsa ake yi. A gida kuwa Lauya muke ce masa tun yana yawo da gajeren wando, domin ko kofi ya fasa a gabanka sai ya tambaye ka wa ya gani, kuma daga ina yake tsaye.

Ni ce autarsu, ni nake zaune da Baba. Da mijina ya rasu na kwaso keken ɗinkina na dawo gida, na mai da ɗakin gaba wurin ɗinkin labule. Baba tsohon ma'aikacin hukumar ruwa ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin gida-gida yana duba mita, aikin kuma ya bar masa son hira da kowa da ƙin tara gashi a fuska. Yakan ce wanda zai ƙwanƙwasa ƙofar mutane dole ya zo musu da fuska a share. Da ciwon shanyewar jiki ya kama masa hannun dama, rashin riƙe cokali bai ci masa rai kamar rashin riƙe reza ba. Mun kawo masa mai aski, ya kore shi, wai surutu ya yi masa yawa. Gaskiyar magana dai mutumin bai bar wa Baba filin nasa surutun ba ne.

Sai Yaya ya karɓi aikin. Kullum da safe kafin ya wuce kotu zai biyo, ya ajiye mota gindin turken lantarkin da ke gaban kantin maƙwabcinmu, ya rataye kwat a bayan ƙofa, ya naɗe hannun riga. Ni nawa ruwan ɗumi ne da tawul. Zai shafa wa Baba kumfa, ya tallafo masa haɓa, ya bi a hankali, Baba na lumshe ido yana ba shi umarni kamar shi yake biyan sa albashi. Ba su cika wata magana mai nauyi ba. Da Yaya ya fita, sai Baba ya sa in kai masa kujera baranda, ya zauna yana shafa kumatu yana jiran wanda tsautsayi zai biyo da shi.

"Ka ga fuskar nan? Mai gabatar da ƙara ne ya gyara ta. Alƙalai na can suna jiran sa, shi yana nan yana goge mini kumfa."

Mai kanti ya ji, mai guga ya ji, mata masu kai yara makaranta sun ji har sun haddace. Wanda ya tsaya tambayar hanya ma ba ya tsira.

Wata rana da tsakar rana Yaya ya shigo, abin da ba ya yi, tare da wani mutum mai farin kaya da ya ce sufeton 'yan sanda ne. Baba na ciki yana barci. Na kwashe yadi daga kan benci suka zauna, Sufeto ya yi bayani da murya ƙasa-ƙasa. Akwai wani ɗan kasuwa da Yaya yake tuhuma da sayar da jabun magunguna. Wani fursuna ya ce ya ji daga bakin abokin ɗakinsa cewa ɗan kasuwar ya ɗauki hayar wanda zai kashe Yaya kafin a gama shari'ar. An faɗi wurin da za a yi, wato ƙofar gidanmu, an faɗi lokacin, har da launin motar da turken da ake ajiye ta.

Na ajiye almakashin da ke hannuna.

Sufeto ya ce, "Malama, abin da muke son sani shi ne, wa ya san yana zuwa nan kullum a wannan lokacin?"

Ban san sa'ad da dariya ta kufce mini ba, ga hawaye a idona. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai gara ka tambayi wanda bai sani ba, za mu fi saurin gamawa."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya ce abin da ke kashe mutum a irin wannan hali shi ne a san inda zai kasance gobe. Za a ba Yaya ɗan sanda, zai riƙa sauya hanya da mota, zuwa gidanmu kuwa a dakatar da shi gaba ɗaya har a gama bincike. Da ya fita na dubi Yaya, ina jiran ya ce ba zai yiwu ba.

Ya ce, "Wane ya ji daga wane. Kuma mai faɗin yana neman sassauci a tasa shari'ar. Da a teburina aka ajiye mini wannan, ko kotu ba zan kai ba."

"To sai ka ci gaba da zuwa."

"Antinki ta ce ita ba alƙali ba ce, ba sai an tabbatar mata ba kafin ta shiga takaba."

Ban ga laifin matarsa ba, ni da na san abin da take gudu. Na ce to, bari Baba ya tashi mu faɗa masa.

"Ba za a faɗa masa ba."

"Saboda me?"

"Zargi ne, Auta. Ba a tabbatar ba. Ba zan ɗora wa tsoho mai hawan jini abin da ni kaina ban gamsu da shi ba. Kuma magana ce da ke hannun masu bincike, kin san bakin Baba."

"Me zan ce masa gobe idan ya zauna da tawul a wuya?"

"Ki ce aiki ne ya hana ni. Ba ƙarya kika yi ba, aikin ne."

Irin gaskiyar Yaya ke nan. Za ka juya ta ko ta ina ba ka samu inda ta karye ba, amma ba za ta ƙosar da kai ba. Na bi maganarsa domin shi ne babba, kuma rayuwarsa ake magana.

Washegari Baba ya tashi da wuri kamar kullum, ya sa na kawo ruwa. Na ce Yaya aiki ya riƙe shi. Ya ce to, a bar ruwan, zai zo. Ruwan ya huce na ɗumama, ya sake hucewa. Kwana ya bi kwana a haka. Yaya kan kira a waya, amma kunnen Baba ya yi nauyi, kuma shi bai taɓa ɗaukar waya a matsayin gaisuwa ba. Zai riƙe ta nesa da kunne ya ce, "Lafiya lau, Allah ya taimaka," ya miƙo mini. Na ce in gwada yi masa askin, ya ce ni labule na iya, fuskarsa ba taga ba ce.

Furfura ta fito masa tsiri-tsiri, daga baya ta kwanta. Ya daina cewa a fitar da kujera. Mai kanti ya leƙo ya tambaya ko jikin ne, Baba ya sa na ce yana barci, alhali yana zaune bakin gado yana kallon bango. Abinci ma sai na yi da gaske yake taɓawa. Na kira Yaya na faɗa masa, ya ce in ƙara haƙuri, an kusa. Na ji a muryarsa shi ma ba barci yake yi ba, amma hakan bai sa na ji sauƙin haushinsa ba.

Wata safiya ina gyara masa shimfiɗa sai Baba ya ce, "Auta, in kin fita ki sayo mini sabulu mai ƙamshi. Da turare."

"Na wanka ai bai ƙare ba, Baba."

"Mai ƙarfi nake so." Ya murza gefen zanen gado da hannunsa mai lafiya. "Ki faɗa mini gaskiya, ke kike wanke mini kaya. Ina wari ne? Mutum ba ya jin na jikinsa. Shi kuwa daga nan cikin manyan mutane yake shiga."

Na zauna a ƙasa gabansa. Ashe duk kwanakin nan shari'a yake yi wa kansa, shi kaɗai, yana neman laifin da ya kori ɗansa. Ya duba maganarsa, ya duba tsufansa, ya ƙare a kan jikinsa. Tausayi ya kama ni, fushi ya biyo baya, kuma fushin ne ya buɗe mini baki. Na faɗa masa komai, ɗan kasuwar da fursunan da Sufeto da turken lantarki. Har na ƙara masa da cewa ba a tabbatar ba, don kada Yaya ya ce na rage wani abu.

Baba ya saurara baki a buɗe. Da na gama sai na ga fuskarsa ta washe, kafaɗunsa suka sauka.

Ya ce, "Ashe kashe shi za a yi. Alhamdu lillahi. Ni na ɗauka gudu na yake yi."

Sai kuma ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Ya toshe bakin da hannu, ya yi kukan da ban ga ya yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu. Na bar shi ya yi mai isarsa. Da ya natsu ya tambaye ni abu ɗaya, yadda aka yi suka san lokacin zuwansa. Kafin in amsa ya dubi baranda inda yake zama yana shela, na ga ya gane daga bakinsa aka ji.

Can ya ce, "Fitar mini da kujera."

Ina ɗakin ɗinki, tagar a buɗe, na ji mai guga ya tsaya yana yi masa barka da fitowa, yana tambayar ina Lauya kwana biyu.

Baba ya ɗaga murya yadda har mai kanti zai ji. "Wa? Wannan ai ya fi ƙarfinmu. Ya ga wuri. Rabona da shi har na manta. Dubi fuskata mana, ka ga alamar mai ɗa a nan?"

Na tsayar da keken ɗinki na kasa kunne. Mutumin da ya yi shekaru yana cika unguwa da sunan ɗansa, yau shi ne yake zubar da shi a bakin titi da gangan. Kuma da ƙwazon da ya yi na farkon ya yi na biyun. Kullum da safe zai fita da gemunsa buzu-buzu, ya tare duk mai wucewa, ya shaida masa cewa mai gabatar da ƙara ba ya zuwa gidan nan, ba zai zo ba, wanda yake neman sa ya tafi can inda manya suke. In ya shigo sai ya tambaye ni a hankali, "Na yi daidai? Sun yarda kuwa?" In ce sun yarda. Sai ya ci abincinsa tas.

Sun kuwa yarda. Matan da ke kawo mini ɗinki suka fara yi mini jaje, wata ta ce ita dama ta san ƙarshen masu boko ke nan. Na haɗiye, na ci gaba da auna mata labule. Maganar ta zaga har ta isa kunnen Yaya ta bakin wani magatakardan kotu da ke da dangi a layinmu. Ya kira ni ransa a ɓace.

"Kin faɗa masa."

"Na faɗa."

"Yaushe? Da wane lafazi? Wa ke wurin?"

"Yaya, ni ba a akwatin shaida nake ba. Turare ya ce in sayo masa, yana zaton warinsa kake gudu."

 Nan take muryarsa ta sauya. Ya ce, "Yanzu zagina yake yi a titi?"

"Gadinka yake yi. Shi ne abin da ya rage masa da zai iya."

Bincike kuwa ya ja. Wanda aka ce an ɗauka haya ba a same shi ba, abokin ɗakin fursunan ya ce shi bai taɓa faɗin haka ba, fursunan ya dage ya ji da kunnensa. Shari'ar magungunan ma aka yi ta ɗagewa. A tsakanin nan Baba ya sake samun ɗan bugun ciwon, mai sauƙi in ji likita, domin bai taɓa ƙafa ko harshe ba. Yaya ya je asibiti ta ƙofar baya da ɗan sandansa, ya tarar an yi wa Baba allurar barci, ya zauna ya kalle shi ya tafi. Bayan mun dawo gida na lura abubuwa sun fara zube masa. Zai nemi hularsa tana kansa, ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Fita baranda dai bai fasa ba, jawabinsa kuma ko kalma bai ɓata ba. Abin da ya daina shi ne tambayata ko sun yarda. Wata rana na leƙa na ga yana faɗa wa mai kanti maganar, hawaye na bin gemunsa, na gane ba wasa yake yi ba kuma.

Na riƙa zama ina tuna masa. "Baba, ka manta? Kai ka shirya wannan maganar don ka kare shi." Zai dube ni ya gyaɗa kai, ya ce haka ne, haka ne. Kafin in kai kofi kicin in dawo ya koma inda yake. Abin da na faɗa masa a zama ɗaya ya gudu, wanda ya yi ta maimaitawa da bakinsa kullum shi ya zauna.

Daga ƙarshe aka ɗaure ɗan kasuwar a kan magungunan. Maganar kisan kuwa ba a kai ta kotu ba. Sufeto ya zo da kansa ya ce ba su tabbatar ba, ba su kuma kore ba, amma an janye ɗan sandan, kowa ya koma harkarsa. Har yau ban san ko an taɓa yin wani mutum da ya tsaya a layinmu yana kallon ƙofarmu da mugun nufi ba. Wani lokaci ina cikin ɗinki sai in ce ƙila ƙaryar wani ce kawai da zaman kurkuku ya ishe shi. Wani lokaci in ce ƙila ya zo, ya ji wani tsoho yana kukan ɗansa ya yashe shi, ya juya. Haka kuma ban san wanda ya yi daidai tsakanina da Yaya ba. Da na yi shiru, da Baba ya ci gaba da neman laifinsa. Da na yi magana, ga inda ta kai mu.

Washegarin zuwan Sufeto, da safe, na ji tsayuwar mota. Yaya ya shigo, ya rame, ya rataye kwat a bayan ƙofa. Na kawo ruwa da tawul, na ƙara da ƙaramin almakashina, domin gemun ya wuce reza. Baba ya dube shi da fara'a irin wadda yake yi wa baƙi.

"Baba, ni ne. Lauya."

"Madalla, sannu da zuwa," in ji Baba, ya miƙa wuya aka ɗaura tawul.

Yaya ya rage gashin da almakashi, ya shafa kumfa, ya tallafo haɓar. Baba ya lumshe ido. Na tsaya bakin ƙofa ina addu'a a raina ko hannun zai tuna masa abin da sunan bai tuna masa ba. An gama ɓangare ɗaya, sai ya buɗe ido ya kama wuyan hannun Yaya.

"Kai yaro, hannunka da taushi. A kotu kake aiki? Na ga kwat."

"A can nake, Baba."

"To ka san ɗana, mai gabatar da ƙara. Ba ya zuwa." Ya sassauta murya kamar kada in ji. "In ka gan shi, ka tambayar mini shi a hankali, kada ka ce ni na aiko ka. Me na yi masa?"

Rezar ta tsaya a sama. Na ga Yaya yana neman kalmar da za ta tsaya a gaban kowane alƙali, irin su zargi da bincike da ba a tabbatar ba. Ya dube ni, ban taimake shi ba, domin ni ma ba ni da ita.

Ya ce, "Ba ka yi masa komai ba, Baba. Wasu mutane ne suke so su kashe shi a ƙofar gidan nan. Shi ya sa. Kullum yana son zuwa."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ban taɓa jin Yaya ya faɗi kalmar nan a kan abin da ba shi da hujjarsa ba. Baba ya saki hannunsa, ya jingina da kujera, ya sauke numfashi mai tsawo.

"To ka ce masa ya yi zamansa. Kada ya kuskura ya zo, ko an ce masa na mutu. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba. Zan faɗa masa."

Ya tsoma rezar a ruwa ya girgiza, ya juya fuskar Baba wajen haske, ya kama ɗaya ɓangaren.